Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu? Fashin Baƙi Kan Rikiɗa a Baldur's Gate 3

A farkon kashi na uku na wasan kwamfuta mai suna Baldur's Gate 3, bayan mai wasa ya shafe sa'o'i masu yawa yana neman wanda zai cire masa tsutsar da aka cusa masa ta ido, sai wanda ya daɗe yana zuwar masa a mafarki yana kare shi ya bayyana ainihin kamanninsa, sannan ya miƙo masa wata tsutsar ta daban. Ya ce idan ya karɓe ta zai iya tashi sama ba tare da fiffike ba, kuma ƙofofin wasu baiwowi da ke rufe a ƙwaƙwalwarsa za su buɗe. Kuɗin wannan ciniki kuwa a fuska ake biyansa, domin baƙaƙen jijiyoyi za su fito su mamaye kumatu da wuya, idanu su yi duhu, haƙora su dafe. A daidai wannan wuri ne mutane da yawa kan dakata da wasan su shiga tunani, tun da fuskar da za a ɓata ita ce wadda suka zauna suka tsara da hannunsu tun kafin labarin ya fara. Wanda bai buga wasan ba kuma yana da niyya, ya sani cewa wannan bayani zai tona sirrin labarin har zuwa ƙarshensa.

Kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ne ya yi wasan, ya fitar da shi cikakke a kwamfuta ranar 3 ga Agusta, 2023, bayan kusan shekara uku yana hannun masu gwaji tun daga Oktoban 2020, kuma a ƙarshen shekarar ya lashe kambun wasan shekara a bikin The Game Awards. An gina shi a kan dokokin Dungeons & Dragons bugu na biyar, inda faɗa yake karɓa-karɓa, kowa da lokacinsa, kuma ɗan ludo mai fuska 20 ne yake yanke hukuncin ko abin da mutum ya yi niyya zai yiwu. Na zaɓe shi ne domin ba na jin akwai wani wasa irinsa da ya tara nau'o'in rikiɗa masu yawa haka a cikin labari guda. Tushen labarin kansa rikiɗa ce: wasu halittu masu suna ilitid, maciya ƙwaƙwalwa, suna hayayyafa ne ta hanyar sa wa mutum tsutsa a kai, cikin kwana bakwai ta cinye shi ya zama ɗaya daga cikinsu. Jarumin wasan da abokan tafiyarsa duk suna ɗauke da ita, sai dai wani abu ya hana ta aikinta. Bahaushe ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba, domin a camfin gargajiya ana cewa maita ƙanƙara ce da ke cikin cikin maye, kuma wanda bai gada ba yana iya samu idan aka ba shi ya haɗiya, ya sami iko, amma daga ranar ya daina zama irin sauran mutane.

Tambayar ko rikiɗa tana da riba takan rikice ne saboda masu yin ta suna auna abubuwa daban-daban da mudu ɗaya. Wani ƙarfin faɗa yake nufi, wato ko sabuwar siffar za ta sa ya riƙa kashe abokan gaba da sauri. Wani kuma labari yake nufi, wato ko duniyar wasan za ta lura da abin da ya zama, ko abokansa za su canja masa fuska, ko wata ƙofa za ta rufe wata ta buɗe. Abin da na lura da shi shi ne, a wannan wasan waɗannan ma'aunai biyu sun fi yawan saɓa wa juna fiye da yadda suke dacewa, kuma wanda bai raba su ba tun farko zai fita yana jin an cuce shi ko ta wane ɓangare ya bi.

Mafi sauƙin hukunci ita ce rikiɗar wucin gadi, wadda ake shiga a fita kamar riga. Mai wasa da ajin duruwid, wato masanin asiran daji, yana samun ikon zama dabba tun daga mataki na 2, sau biyu kafin kowane gajeren hutu. Amfaninta a fili yake, domin dabbar tana da nata ma'aunin rai daban, idan aka kashe ta sai mutumin ya dawo da siffarsa da ransa, ka ga kenan ya sami garkuwa kyauta. Kyanwa tana shiga ramin da mutum ba ya shiga, hankaka yana tashi, daga mataki na 6 kuma ana samun wata ƙatuwar dabba rabi mujiya rabi beyar wadda masu wasa suka gano cewa idan aka ƙara mata girma ta diro daga wuri mai tsawo a kan abokin gaba, sai dai a kwashi gawa. Asararta ita ce a cikin siffar dabba ba a karanta sabon sihiri, kuma mafi yawan mutanen gari ba su da abin tattaunawa da dabba, alhali kuwa hira ita ce rabin wannan wasan. Akwai kuma sihirin ɓad da kama, wanda a ganina ya fi siffar dabba wayo. Gawar wanda ka kashe ba za ta amsa maka tambaya ba idan ka tashe ta da sihirin magana da matattu, amma idan ka sauya fuska sai ta ɗauke ka baƙo ta yi bayani. Haka nan masu gadin sansanin goblin sukan ba mai kamannin ƙabilar drow hanya saboda tsoro, kuma makaman da aka keɓe wa ƙabilar githyanki suna sakin dukkan ƙarfinsu ga wanda ya ari kamanninsu. Irin wannan rikiɗa kayan aiki ce, ba a tambayar ko ta cancanta, kamar yadda ba a tambayar ko tsani ya cancanta idan ana son hawa soro.

Sai dai ko a nan ba kullum take yin riba ba, kuma tsohon misali ya nuna dalili. A Dragon Age: Origins na kamfanin BioWare, wanda ya fito a 2009, matsafiya Morrigan tana zuwa da ikon zama gizo-gizo ko beyar ko tarin ƙwari, amma da zarar ta rikiɗa sai ta rasa damar yin sihiri, alhali sihirin shi ne mafi ƙarfin abin da ke cikin wasan gaba ɗaya. Saboda haka mutane da yawa suka bar wannan baiwa tana kwance ba su taɓa ta. Wannan ita ce matsalar da take bin kusan kowace rikiɗa a irin waɗannan wasanni: mutum ya ɗauki sa'o'i yana tara sulke da zobba da layu, yana zaɓar baiwa a kan baiwa har jaruminsa ya zama gwani, sai a ba shi siffar da za ta ajiye duk wannan tarin a gefe ta maye gurbinsa da farata da haƙora. Gwargwadon ƙwarewar mutum wajen gina jarumi, gwargwadon asarar da rikiɗa take jawo masa.

Wannan matsala ta fi fitowa a siffar da ake kira Slayer, wato Makashi, wadda ake samu idan mutum ya zaɓi buga wasan a matsayin Dark Urge, jarumin da ya farka bai san ko shi wane ne ba, sai dai wata muguwar sha'awar kisa da ke taso masa, daga baya ya gano cewa shi jinin Bhaal ne, ubangijin kisa a wannan duniya ta ƙage. Hanya ta farko ta samun siffar ita ce ya kashe Isobel, matar da sihirinta ke kare masaukin Last Light daga la'anar duhu a kashi na biyu. Da zarar ta mutu sai kariyar ta faɗi, duhu ya cinye kusan duk wanda ke masaukin, har da 'yan gudun hijirar da wataƙila mai wasan ya sha wahalar ceto a kashi na farko, da maƙeri Dammon wanda ke gyara injin da ke ƙirjin abokiyar tafiya Karlach kuma yake sayar da wasu daga cikin kayan yaƙi mafi kyau. Abin da ake samu a madadin wannan ɓarna dodo ne mai hannu huɗu, abin tsoro a ido, wanda yake da amfani a lokacin da aka same shi, amma kafin a kai mataki na 12, wanda shi ne ƙololuwa, jarumin da aka gina da kyau ya riga ya fi shi ɓarna da takobinsa. Idan da mudun faɗa za a auna, an sayar da saniya an sayi akuya. Amma idan da mudun labari ne, ba ƙaramin abu aka samu ba, domin wasan ba ya mantawa, kuma wanda yake son ganin yadda mutum yake nutsewa cikin mugunta zai gani da idonsa a masaukin da ya koma kufai. Abin sha'awa shi ne wannan siffa gado ce daga Baldur's Gate II na shekarar 2000, inda kowane amfani da ita yake rage wa jarumi maki 2 na mutunci a idon jama'a, kuma idan ya daɗe a cikinta sai ta kashe shi. Tun a wancan lokacin an ƙera ta ne a matsayin jarabawa fiye da makami.

Idan aka komo ga tsutsar kuwa, sai al'amarin ya juye gaba ɗaya, kuma nan ne nake ganin Larian ta yi sakaci mafi girma. Tun a kashi na farko wasan yana tsoratar da mai wasa. A karon farko da ya yi amfani da ikon tsutsar ya tilasta wa wani bin umarninsa, mai ba da labari takan faɗa masa cewa an ɗauke masa wani abu da ba zai dawo ba. Lae'zel, abokiyar tafiya 'yar ƙabilar githyanki, tana ƙyamar abin, tana ganin duk wanda ya kusance shi ya riga ya ɓata. Saboda haka mutane da yawa suka riƙa tara tsutsotsin da suke samu a jikin gawarwakin manyan abokan gaba suna ajiyewa a jaka, ba su sha ko ɗaya ba, suna jiran ranar da wasan zai ce musu sun yi daidai. Ranar ba ta zo ba. Wanda ya shanye su duka ya sami baiwowi masu sauya yanayin faɗa, irin wadda take mayar da sara na yau da kullum ya zama mummunan sara sau ɗaya a kowane dogon hutu, da wadda take ƙarasa duk abokin gaban da ransa ya yi ƙasa, kuma babu wani ƙarshen labari da aka rufe masa saboda haka. Hukunci ɗaya tak da ya biyo baya shi ne, lokacin da aka miƙo masa waccan tsutsa ta musamman a farkon kashi na uku, idan ya ce ba ya so sai an jefa masa ɗan ludo a kan hikimarsa, kuma sai ya kai 21 kafin ya iya ƙi. Wannan dabara ce mai kyau, domin ta nuna cewa wanda ya saba da ɗanɗano yakan rasa ikon cewa a'a, amma ita kaɗai ce, kuma mai wasa yana iya komawa wurin da ya ajiye wasan ya sake jefawa har ya dace.

Wanda ya karɓa ya zama rabin ilitid, shi kuwa ya tsinci dami a kala. Tashi sama ba tare da iyaka ba yana rushe rabin wahalar filin daga, tun da babu rami ko katanga ko wuta da za ta tare shi, ga kuma baƙin rami da yake jawo abokan gaba wuri guda a yi musu ruwan wuta. A ɓangaren ƙarfi babu wata rikiɗa a wasan da ta kai wannan araha. Amma ka shiga birnin Baldur's Gate da wannan fuska mai jijiyoyi, a lokacin da birnin ke cike da fargabar ƙungiyar asiri da halittu masu sauya kama, sai ka ga mai sayar da kaya yana yi maka ciniki kamar kullum, mai gadi yana gaishe ka, abokan tafiya su yi tsokaci sau ɗaya su wuce. Ni a wurina wannan shiru ya fi baƙaƙen jijiyoyin ciwo. An ce mini na sayar da wani yanki na mutuntakata, amma babu wanda ya zo karɓar kayan. Wanda ya ƙi tsutsar bai sami yabo ba, wanda ya karɓa bai sami zargi ba, sai abin ya koma tambayar ko mutum zai iya jure kallon mummunar fuska a hotunan hira, wadda kuwa masu gyaran wasa suka warware ta da ƙaramin gyara da ke goge jijiyoyin ya bar ikon.

Wani zai ce ai wannan adalci ne ga mai wasa, domin babu wanda yake son ya shafe sa'o'i 80 sannan a gaya masa wani zaɓi da ya yi a sa'a ta biyar ya lalata masa komai. Akwai gaskiya a ciki, kuma shi ya sa wasan ya ajiye wani ƙwarangwal mai magana mai suna Withers a sansani, wanda da zinare 100 kacal zai sauya wa jarumi aji da baiwowinsa gaba ɗaya. Amma akwai bambanci tsakanin yafe wa mutum kuskuren lissafi da yafe masa zaɓin da labari ya gina kansa a kai. Idan labari ya kwashe kashi biyu cikin uku yana cewa wannan abu guba ne, to ya zama wajibi gubar ta yi aiki ko da kaɗan ne, in ba haka ba duk wani gargaɗi da zai biyo baya ya rasa nauyi.

Inda wasan ya nuna ya san yadda ake yi shi ne a labarin Astarion. Shi abokin tafiya ne mashayin jini, bawan wani ubangida mai suna Cazador na kusan shekara 200, wanda ya zana masa wasu rubuce-rubuce a gadon baya da wuƙa. A kashi na uku ne ake gano cewa zanen wani yanki ne na yarjejeniya da shaiɗan Mephistopheles, wadda za ta mayar da Cazador mashayin jinin da rana ba ta ƙona shi, yunwa ba ta damunsa, bisa sharaɗin a sadaukar da rayuka 7,000. Kafin a kai ga ɗakin tsafin sai an bi ta gaban kurkukun da aka tsare su, kuma wasan ya tilasta wa mutum tsayawa ya dube su. A cikinsu akwai wani saurayi da Astarion ya yaudaro shekaru aru-aru da suka wuce yana zaton an kashe shi tun a daren, ashe yana nan a kulle cikin yunwa, yana tambayar shekara nawa ke nan. Akwai kuma yara. Bayan an kayar da Cazador, Astarion yakan juyo ya roƙi mai wasa ya taimaka masa ya ƙarasa tsafin don kansa, kuma hujjarsa ba ta wauta ba ce: idan ya yi, babu wanda zai sake mallakarsa har abada.

Idan aka amince, ribar faɗa ta tabbata, domin kowane sara ko naushi nasa yana samun ƙarin ɓarna daga 1 zuwa 10, abin da yake zama bala'i a hannun jarumi mai kai hari sau da yawa a zagaye guda, ga cizo mai ƙarfi da ikon zama hazo. Amma mutumin da ya fito daga ɗakin ba shi ne ya shiga ba. Muryarsa ta canja, raharsa ta koma izgili, kuma idan akwai soyayya tsakaninsa da jarumin sai ya nemi ya mayar da shi bawansa kamar yadda aka yi masa, yana kiran hakan kyauta. Idan kuwa aka shawo kansa ya fasa, sai ya daddaɓa wa Cazador wuƙa har ya gaji, ya durƙusa ya fashe da kuka, sannan a ƙarshen wasan, lokacin da tsutsar da ke kare shi daga rana ta mutu, a gan shi yana gudu daga bakin tashar jiragen ruwa fatarsa tana hayaƙi yayin da sauran ke murnar nasara. Ta kowane ɓangare an biya, kuma an ga abin da aka biya. Wannan ce rikiɗar da nake ganin ta cika sunanta, domin mai wasa ba zai iya cewa ta fi riba ko ta fi asara ba sai ya fara yanke hukuncin wane ne Astarion a wurinsa. Neil Newbon, wanda ya yi muryarsa, ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasan kwaikwayo a bikin The Game Awards na 2023, kuma duk wanda ya ga ɓangarorin biyu zai gane dalili.

Akwai kuma rikiɗar da ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan amma ta fi wasu masu ƙarfi tasiri. Wyll, wani abokin tafiya, ya ƙi kashe Karlach kamar yadda uwargijiyarsa Mizora ta umarce shi, sai ta hukunta shi da ƙahoni da kamannin shaiɗan waɗanda ba za su gushe ba, shi da ya yi suna wajen farautar shaiɗanu. A daren bikin da aka yi bayan ceton 'yan gudun hijira, ana kiɗa ana sha a tsakiyar sansani, shi kuwa yana can bakin ruwa shi kaɗai don kada ya tsorata mutanen da ya taimaka wajen cetowa. Shadowheart ma, wata abokiyar tafiyar, bayan ta juya wa allahiyarta Shar baya, gashinta ta mayar fari, babu wata lamba da ta motsa saboda launin gashi, amma duk sanda aka dube ta sai a tuna abin da ya faru.

Don a ga yadda abin yake idan aka kai shi maƙura, sai a dubi Pathfinder: Wrath of the Righteous na kamfanin Owlcat, wanda ya fito a 2021. A can rikiɗa ita ce ƙashin bayan wasan, akwai hanyoyi goma, daga mala'ika zuwa shaiɗan zuwa dodon zinare. Wanda ya bi hanyar Lich, wato matsafin da ya zaɓi zama gawa mai rai don kada ya mutu, yana samun sihirin da ya kusan fin ƙarfin wasan, amma dole ya rabu da soyayya, wasu abokansa su bar shi, ya maye gurbinsu da matattun da ya tayar, kuma birnin Drezen da yake mulka ya sauya kama ya koma kamar maƙabarta. Wanda ya bi hanyar tarin ƙwari masu tafiya kuwa ya rasa abokan tafiyarsa, ya ƙarasa wasan da kofen kansa. A ɗaya gefen akwai Skyrim na 2011, inda mutum yake iya zama kyarkeci, a ci shi tarar 1,000 idan aka gan shi yana rikiɗa, masu gadi su riƙa yi masa ba'a kan warin jiƙaƙƙen kare, amma babban labarin yaƙi da dodanni bai san ma abin ya faru ba, kuma akwai hanyar warkewa idan ya gaji. Baldur's Gate 3 yana tsakiyar waɗannan biyun, yana yin irin na Owlcat ga abokan tafiya, yana yin irin na Skyrim ga jarumin da mai wasa ya ƙirƙira da kansa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: abokan tafiya an rubuta musu hali da tarihi, ana iya rubuta yadda za su lalace, shi kuwa jarumin mai wasa farar takarda ce, kuma ɗaukar muryoyi da hotunan martanin ɗaruruwan mutanen gari ga kowace irin fuska aiki ne mai tsada.

Saura rikiɗa ta ƙarshe, wadda take zuwa ana dab da rufe labari. Don a mallaki babbar ƙwaƙwalwar da ke barazana ga birnin, ana bukatar cikakken ilitid ya riƙe wasu duwatsun sihiri uku da ake juya ta da su. Idan mai wasa ya tsaya tare da Emperor, wato mai zuwar masa a mafarki, wanda shi ma ilitid ne, shi zai iya ɗaukar nauyin. Idan kuwa ya 'yanta Orpheus, yariman githyanki da ke tsare, Emperor zai koma ɓangaren abokan gaba, kuma a mafi yawan hanyoyi dole ɗaya daga cikin uku ya rikiɗa: jarumin, ko Orpheus, ko Karlach. A ma'aunin faɗa wannan ba wani abin a zo a gani ba ne, domin 'yan gwabzawa kaɗan suka rage a yi amfani da sabon ikon. Nauyinta duka a labari yake, musamman da yake Withers ya riga ya faɗa cewa ilitid ba su da irin kurwar da alloli ke karɓa. Ga Orpheus, wanda al'ummarsa ta ginu a kan yaƙi da waɗannan halittu, abin ya fi mutuwa muni, shi ya sa bayan nasara yake roƙon a kashe shi. Ga Karlach lissafin daban ne, tun da injin da ke ƙirjinta zai ƙone ta idan ta ci gaba da zama a duniyar mutane, kuma ta rantse ba za ta koma Avernus, duniyar shaiɗanu, inda aka bautar da ita shekara goma ba, don haka ita da kanta take miƙa wuya. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin hanyar cetonta, ni kuwa ina da shakka, domin wadda take magana bayan rikiɗar tana da tunanin Karlach da kalmominta, amma zafin nan da ihun nan da aka san ta da su sun lafa, ta yi sanyi irin wanda ba nata ba.

A ƙarshen Nuwamban 2023 Larian ta ƙara wani babi na rufewa, inda abokan tafiya suke sake haɗuwa a sansani bayan wata shida, kuma a nan ne aka biya wani ɓangare na bashin da na yi ƙorafi a kai. Gale, matsafi cikin abokan tafiyar, idan ya bi son zuciyarsa ya ɗauki kambin sihiri na Karsus, yakan iso a matsayin ubangijin buri, jikinsa yana ƙyalli, yana magana da tsofaffin abokansa kamar mai yi musu alfarma. Astarion da ya ƙarasa tsafin yana zancen mulki, wanda ya fasa yana zancen rayuwar dare da ya fara sabawa da ita. Jarumin da ya zama ilitid kuwa yana zagayawa cikin mutanen da suka yi yaƙi tare, suna ƙoƙarin yi masa fara'a, shi kuma yunwar ƙwaƙwalwa tana taso masa a tsakiyar hira, har wasan ya sa a jefa ɗan ludo don a ga ko zai iya danne ta.